Yadda Na Yi wa Amarya Wanka da Kunun Aya

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, kuma ko na yi niyyar mantawa matan kasuwar Sabon Gari ba za su bar ni ba. Shekara biyu ke nan da faruwar abin, amma har yau in na shiga layin masu aya sai wata ta ɗaga murya daga bayan buhunta ta ce, "Darakta, yau ma za mu girgiza?" Sai in yi dariyar yaƙe in ƙara sauri. Bari in ba ku labarin da bakina, don in kun ji shi a wani wuri ku gane inda aka ƙara gishiri. (Ko da yake, tsakani da Allah, labarin ba ya buƙatar gishiri.)

Mahaifiyarmu, wadda duk Samaru ke kira Mama Malama, shekara talatin da biyar ta yi tana koyarwa a firamare. Da ta yi ritaya mun ɗauka za ta miƙe ƙafa ta huta, tunda Baba ya riga mu gidan gaskiya, mu kuma duk mun girma. Ba ta rufa wata biyu ba ta ce zaman banza ne ke ƙara mata ciwon gwiwa. Ta sayo aya kwano biyu, da dabino, da kwakwa, da citta da kanumfari, ta haɗa kunu ta ajiye kula a ƙofar gida. Kafin shekara ta zagayo ɗaliban jami'a sun mai da ƙofar gidanmu wurin layi, har da malamansu masu aiko direba.

A daidai lokacin ne mu 'ya'yanta uku muka riƙa dawowa gida ɗaya bayan ɗaya, kowa da dalilinsa. Yaya Rifkatu, babbarmu, tela ce, ɗinki kuma sai lokacin Kirsimeti ko biki yake motsi. Yaya Ishaku ya yi shekara ashirin yana tuƙa babbar mota, sai bayansa ya ce ya gaji. Ni kuwa auta, shekarata talatin da tara, digirina biyu, ina Abuja ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta. Aikina shi ne in tara mutane a otal in yi musu bayanin abin da suka fi ni sani. Da kwangilar ta ƙare sai na dawo Samaru da akwati biyu, kwat huɗu da kwamfuta. (Wadda nake shirin aura ta ce in na daidaita in neme ta. Har yanzu ban daidaita ba, ita kuwa an yi sunan ɗanta a watan jiya.)

Wata Lahadi bayan an taso daga coci Mama ta tara mu a tsakar gida. "Ga sana'a tana neman hannu," in ji ta, "ga ku kuna neman abin yi. Ni ban ga abin tsayawa dogon lissafi ba." Ta kama ɗan shago a bakin titi, aka raba aiki. Ita ce mai haɗi. Yaya Rifkatu tata da ɗurawa, Yaya Ishaku kai markaɗe da rarraba kaya a tsohuwar motar Baba. Da aka zo kaina sai Mama ta ce, "Auta, kai kuma wankin robobi."

Na ce a'a, a yi haƙuri, ba don wankin roba na yi digiri na biyu ba. A take na naɗa kaina Daraktan Tsare-tsare da Bunƙasa Kasuwanci. Babu wanda ya zaɓe ni, babu kuma wanda ya hana ni. Yaya Ishaku dai ya tambaya ko muƙamin ya zo da mota.

Sati biyu na yi ina zagaye shagon da littafi a hannu ina gano kurakuran Mama, kuma na gano su da yawa. Ba ta yarda kunu ya kwana. Da asuba ake yinsa, abin da ya rage da la'asar kuwa sai ta rabar wa maƙwabta, ina kallo raina na ƙuna. Ba ta cika roba, kullum sai ta bar wurin yatsu biyu a wuya, kuma ba ta matse murfi sai mai saye ya zo. Sannan duk bokitin da aka tace sai ta sa ɗan ludayinta ta ɗanɗana, ko da guda goma ne. Na haɗa wannan duka a kwamfuta, na jona da talabijin ɗin falo, na kira taron iyali. Minti arba'in na yi ina bayani a kan ɓarna da rashin tsari, har da zane-zane masu launi. Mama tana zaune da faifai a cinya tana tsince tsakuwa daga aya, ko sau ɗaya ba ta katse ni ba.

Da na gama sai ta ce, "Ka yi ƙoƙari, Auta. Amma kunun aya rai gare shi, ba ya kwana."

Na yi murmushin da ake yi wa tsofaffi in sun faɗi abin camfi. Tambaya ɗaya ce ta rage mini in yi, in ce Mama me kike nufi, amma ban yi ba. Ai Darakta ba ya tambaya, shi ake tambaya.

Abu guda da na ci nasara a kai shi ne sitika. Na ɗauko hoton Mama na ranar bikin ritayarta, ta sha gwaggwaro tana murmushi, na sa aka buga da rubutu: KUNUN MAMA MALAMA. A ƙasa kuma, da jan rubutu, na ƙara abin da na saba gani a jikin lemon kwali na kanti: A GIRGIZA SOSAI KAFIN A SHA. Da Mama ta gani ta daɗe tana juya robar a hannu.

"Fuskata a jikin roba?" ta ce. "To, ka sani duk wanda ya sha ya ji ba daidai ba, ni zai kalla. Ban tara komai a garin nan ba sai wannan sunan."

Na ce ai dalilin ke nan, sunan ne jarinmu. Kun ji fa, da bakina na faɗa.

Ana nan sai ga babban aikinmu na farko. Mama Ngozi, mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari, za ta aurar da 'yarta Ngozi. Ita Mama Ngozi a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa daɗi, kuma aminiyar Mama ce ta shekara talatin. 'Ya'yanta duka a hannun Mama suka koyi karatu. Ta zo shago da kanta ta ce roba ɗari huɗu take so, kuma ba za ta jera lemon kwalba a tebur ba, don ta riga ta cika baki wa surukanta da za su zo daga kudu cewa za su sha abin da ba su taɓa sha ba. (A nan kam ta yi gaskiya.) Bayan haka, matan zumunta na coci biyu za su halarta, kuma da yawansu suna da biki a gaba. In wannan ya yi kyau shago ya tsaya da ƙafarsa.

Ranar Laraba kafin bikin aka aiko cewa yayar Mama ta rasu a ƙauyensu, can wajen Zonkwa, jana'iza Juma'a. Mun raka ta tasha idonta ja, amma hankalinta na kan aikin. Ta leƙo ta tagar mota tana ƙirgawa da yatsa.

"Juma'a da yamma a jiƙa aya. Asabar da asuba a kai markaɗe. Rifkatu ta san awo. Na yi magana da mata huɗu, za su zo su taya ku. Ni motar farko zan biyo, coci zan wuce kai tsaye. Auta, kana ji na?"

"Mama, ki kwantar da hankalinki," na ce. "Komai yana hannuna."

Motar ba ta kai ko unguwar Kwangila ba na fara gyara tsarin. A ganina, wane mai hankali ne zai bar aikin roba ɗari huɗu sai safiyar biki? In inji ya lalace fa? In matan suka makara? Na buga wa matan huɗu waya na ce su huta. Na je Sabon Gari na samu wani mai sayar da ƙanƙara, Oga Sande, muka shirya zai ba ni manyan firiza biyu daga Alhamis zuwa Asabar. Sannan na samu Yaya Rifkatu a kan kekenta, ankon bikin ya binne ta, allura a baki, na ce gobe Alhamis za a yi kunu.

Ta cire allurar. "Alhamis? Ka faɗa ma Mama?"

"Mun yi waya," na ce. (Mun yi waya, wannan gaskiya ne. Na tambaye ta ko ta sauka lafiya.)

Ta dube ni ta dubi tulin ɗinkin da ke gabanta, ta ce to, tunda Mama ta yarda. Yaya Ishaku ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kai ne mai digiri."

Haka muka wuni Alhamis muna aiki, kuma ba zan ɓoye muku ba, kunun ya yi daɗi. Ni na tsaya a kan ɗurawa. Kowace roba sai da na ga ta cika har baki, babu zancen yatsu biyu. Na sayo sabbin murafe masu zobe, irin waɗanda sai an karya kafin a buɗe, na bi su ɗaya bayan ɗaya na matse har tafin hannuna ya yi kanta. Muka loda a mota muka kai wa Oga Sande. Da na ga fuskar Mama ɗari huɗu a jere cikin firiza, sai da na ɗauki hoto na tura wa tsofaffin abokan aikina na Abuja.

Ranar Juma'a Oga Sande ya kira ni sau uku. Na farko ina wurin aski. Na biyu da na uku ina gaban madubi ina bitar jawabin da zan yi a wurin biki, don na riga na shirya da emsi, mai gabatar da taro, zai ba ni minti biyu. Na ce a raina mutumin nan ƙarin wani abu yake nema, na kife wayar.

Asabar da hantsi muka je ɗaukar kaya. Oga Sande ya tare mu yana goge zufa.

"Oga, ina ta kiranka. Taransifoman layinmu ya ƙone tun Alhamis da yamma, janareta kuma ya ƙi tashi. Amma yau da safe na sayo ƙanƙara a unguwar Jushi na zuba a kai."

Na sa hannu na taɓa roba ɗaya, na ji sanyi ƙarara. Na ce to ai shi ke nan, sanyi dai ake nema, ga shi kuma an samu. Yaya Ishaku ya ɗauki ɗaya ya danna da babban yatsa, ta ƙi dannuwa. Ya ajiye ta a kan benci, ta ƙi tsayuwa, gindinta ya kumbura sai tangaɗi take.

"Auta," ya ce, "robobin nan ciki gare su."

"Alamar inganci ke nan, Yaya. Iska ba ta shiga ba."

"Bari dai in buɗe ɗaya mu ɗanɗana."

Na kaɗe hannunsa. Na ce ɗari huɗu aka ce, ɗari huɗu cif za mu kai, ba za mu fara da ƙwange ba. Wanda ya ƙi ji, aka ce, ba ya ƙi gani ba.

A filin wata makaranta aka yi liyafar, an kafa rumfuna, ga rana irin ta watan Maris mai narkar da kwalta. Tun sha biyu muka jera robobin a tebura, masu tangaɗin muka jingina su da faranti. Mutane ba su taso daga coci ba sai wajen biyu, kuma na bi tebur-tebur ina roƙo kada kowa ya buɗe tukuna, akwai abin mamaki da aka shirya. Na sha kwat ɗina mai ruwan toka har da igiyar wuya, zufa na bin bayana, amma ji nake kamar ni ne angon.

Can na hango Mama a rumfar matan zumunta, a ɗaya ƙarshen filin, da gajiyar hanya a fuskarta. Na ga ta ɗauki roba. Na ga ta danna. Sai ta ɗago kai tana waige-waige, da idonmu ya haɗu ta shiga yafito ni da hannu biyu. Ni kuwa na ɗaga mata babban yatsa, na ce a raina tsohuwa ta ga aikin zamani ta rasa bakin godiya. Ta yunƙura ta tashi, ta fara ratsowa tsakanin kujeru da gwiwar nan tata, amma filin da faɗi. A daidai lokacin emsi ya ce a tafa wa Darakta.

Na karɓi makirfo. Amarya da ango suna tsaye gaban babban teburi kusa da kek mai hawa uku, ita cikin farar riga mai jan ƙasa. Da hannuna na miƙa musu roba ɗai-ɗai. A bayansu ga Fasto, ga uban ango da jar hula, ga Mama Ngozi da gwaggwaron da ya kusa taɓa rufin rumfa.

"Jama'a," na ce, "kowa ya ɗauki robarsa ya dubi wannan fuskar. Wannan fuskar amana ce! Yau za mu sha wa amarya da ango lafiya da abin gida. Amma me aka rubuta a ƙasa da ja?"

Suka amsa baki ɗaya, "A girgiza sosai!"

"To, a girgiza!"

Mai ganga ya ga abin ya yi daɗi ya saka kiɗa. Mutum kusan ɗari huɗu, manya da yara, tsofaffi da 'yan mata, suna girgiza roba suna rausaya. Fasto ma da hannu biyu yake yi. Ta gefen ido na ga Mama ta kai tsakiyar fili tana ɗaga hannu tana magana, amma ganga ta danne muryarta.

"In na ƙirga uku, kowa ya buɗe. Ɗaya! Biyu! Uku!"

Ban san yadda zan kwatanta muku ƙarar ba. Fau! Fau! Fuuu! ta ko'ina. Murafe suka riƙa tashi sama suna dukan rumfa, farin kumfa yana feshi ta kowace kusurwa. Wata tsohuwa ta ƙwala ihu, "Jinin Yesu!" Wani dattijo, tsohon soja daga Basawa, ya yi rub da ciki a ƙarƙashin tebur yana cewa kowa ya kwanta. Yara suka fashe da kuka, mai ganga ya jefar da sanduna. Sai kuma warin ya biyo baya, warin tsami sak na burkutu, a bikin da Fasto ya gama wa'azi a kan kamewa.

Robar ango ta sami amarya a fuska, tata kuma ta wanke gaban rigar daga wuya har ƙasa. Kwalliyar da aka yi awa uku ana yi ta gangaro, gashin idon da aka manna mata ɗaya ya koma kumatu. Jar hular uban ango tana ɗiga. Kek ya jiƙe ya karkace. A duk filin nan mutum ɗaya ne busasshe, shi ne ni, don makirfo ke hannuna ban riƙe roba ba.

Da a nan abin ya tsaya, da yanzu ina ba da labarin ina dariya har da hawaye. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Amarya ta shiga shessheka. Mama Ngozi ta zagayo teburin, gwaggwaronta ya kwanta gefe guda, kunu na bin wuyanta. Ta tsaya a gabana tana huci.

"Wane ne ya yi mini wannan?" ta ce. "Wane ne ya yi ma 'yata wannan?"

Ni da nake tsayawa gaban manyan mutane a otal ban taɓa in'ina ba, sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Mama ce ke haɗawa," na ce. "Ni talla kawai nake yi."

Na ɗauka a hankali na faɗa. Na manta makirfo na nan a bakin ƙirjina, a kunne. Maganar ta fito ta lasifika huɗu, ta daki bangon ajujuwa ta dawo, har na ji muryata da kunnena sau biyu. Kai ɗari huɗu suka juya suka dubi tsohuwar da ke tsaye ita kaɗai a tsakiyar fili, wadda jiya-jiya ta binne yayarta, wadda ko ƙwayar ayar nan ba ta taɓa ba. Yaya Rifkatu ta yi mini wani kallo da har in mutu ba zan so a sake yi mini irinsa ba. Na so ƙasa ta tsage in shige, ƙasa ta ƙi.

Mama ta ƙaraso a hankali. Ba ta dube ni ba, hannu kawai ta miƙa na ba ta makirfo.

"Jama'a, ni ce Mama Malama," ta ce, da muryar nan tata ta aji. "Fuskata ce a jikin robar. Don Allah kada wanda ya kai baki, ya lalace. Ku yafe mini."

Daga nan ta dafa kujera ta durƙusa a gaban aminiyarta da amarya, a cikin caɓin kunu, da gwiwar da ko a coci ba ta iya durƙusawa da ita. Ta kwance zanen zumuntarta na sama ta shiga goge wa Ngozi riga. Ganin haka matan zumunta suka miƙe, wasu suka ɗebo ruwa a bokiti, wasu suka kama kwashe robobi. Yaya Rifkatu ta ja amarya zuwa wani aji ta sauya mata kaya. Yaya Ishaku ya figi mota ya tafi neman lemon kwalba. Kowa ya sami abin yi ban da Daraktan Tsare-tsare, wanda ke tsaye da busasshen kwat, an rasa mai ce masa ko matsa.

Kafin yamma bidiyon ya zagaye wayoyin Zariya. Washegari Mama ba ta je coci ba, abin da ban taɓa gani ba sai in tana kwance ba lafiya. Mata uku da suka yi mana maganar bikinsu suka aiko cewa sun canja shawara. A gida babu wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da na fi samun sauƙi. Yaya Rifkatu ta gaya wa Mama komai, har da zancen wayar, Mama ta ce to, ta ci gaba da tsintar ayarta.

Ranar Talata da sassafe na haɗa akwatina. Na tsara abin da zan ce, wai an kira ni ganawar neman aiki a Abuja. Na fito ke nan na tarar da ita a bakin ƙofa a kan kujera 'yar tsugunno tana wankin robobi, aikin da na ce ya yi mini kaɗan.

"Ina zuwa?" ta ce.

Na watsar da ƙaryar. Na ajiye akwatin, na tsuguna, na ce, "Mama, me ya sa kika ce ke ce?"

Ta ɗauraye robar da ke hannunta ta kife a kwando kafin ta amsa. "Sunana ya tsufa, Auta, zai iya ɗaukar duka ɗaya. Naka ko rarrafe bai fara ba. Da na bar ka da kunyar nan a filin, da tun ranar ka gudu, kuma ba za ka dawo ba sai ranar da aka ce na mutu. Ni ba don kunu na kama shago ba. Ga shi kuma duk da haka ka ɗauko akwati."

Ina da shekara talatin da tara, na zauna a ƙasa na yi kuka har da majina. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta turo mini baho da ƙafa ta ce robobin ba za su wanke kansu ba.

Da rana na tafi kasuwar Sabon Gari ni kaɗai, ba kwat. Na sami Mama Ngozi a shagonta tana auna wa wata yadi, maƙwabtanta na layin atamfa duk suna nan. Na durƙusa a tsakiyar hanya, masu tura baro suna kauce mini, na faɗi komai: Alhamis, murafe, kiran Oga Sande, ƙaryar da na yi wa yayata. Na ce Mama ko garin ba ta nan.

Ta gama yanka yadinta tsaf, ta ninke, ta sallami mai saye, sannan ta dube ni.

"Ka ɗauka labari ka kawo mini?" ta ce. "Shekara talatin ina cin abincin hannun matar nan. Tun a filin kowa ya san ba ita ba ce. Jira muke mu ga ko kana da baki in babu makirfo." Matan layin suka kwashe da shewa. Ta ɗaga musu hannu ta ci gaba. "Fushina da uwarka ɗaya ne, da ta durƙusa a kan laifin ƙato mai gemu. Tashi ka ba mutane hanya. Ka ce mata gobe ta aiko mini da roba biyu, wanda ta yi da hannunta."

Ngozi ta fi wata shida ba ta amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba. Daga cikin bukukuwa ukun nan ɗaya ne ya dawo mana. Sauran sai a hankali, roba biyu yau, goma gobe, har shago ya farfaɗo. Yanzu mun ƙara da zoɓo da kunun zaƙi, mu huɗun muna nan, ni ne mai wanki da zuwa kasuwa, kuma in na ga Mama ta yi abin da ban gane ba sai in ce, "Mama, don me?" Sau tari amsar ba ta wuce kalma biyar.

Abin da na koya dai shi ne, kunu in ya yi tsami zubarwa ake yi a wanke bokiti, gobe a yi sabo. Maganar da tsoro ya fitar daga bakin mutum ita ce ba ta da sabulu. Mama ta ce ta yafe mini, kuma na yarda ta yafe. Amma har yau, in baƙo ya shigo shago ya kurɓa ya ce, "Kai, wa ke haɗa kunun nan?" ba ta amsawa. Sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta juyo ta dube ni, ta jira ta ji me zan ce.